Wa Ya Yanka Rigar? Sharhi a Kan Na'ura da Fasalin Tufafin Birnin Kano

Akwai wata magana da ta zama jiki a bakin masu rubutu a kan sana'o'in birnin Kano, wato wai fasahar zamani ce ta tarar da saƙa da rini da ɗinki suna zaune lafiya, ta hallaka su. Ana faɗarta a tarurrukan ƙara wa juna sani, ana rubuta ta a kundayen digiri, har ta kai mai jin ta ba ya neman hujja. Ni kam ban gamsu da ita ba. Maganar tana ɗauka cewa tufafin kakanninmu daga al'ada tsantsa suka sauko, babu hannun kayan aiki a cikinsu. Alhali kuwa babbar riga, da rawani ɗan Kura, da baƙin zane mai sheƙi, kowannensu kayan aiki ne ya yanke masa fasali, kamar dai yadda injin yau yake yanke wa namu. Tambayar da ta kamaci mai sharhi ita ce: wane ne yake riƙe da kayan aikin a sa'ar da ake yanke shawarar kamannin kaya, kuma me yake nema da shi? Da wannan ma'auni nake so in auna tufafin jiya da na yau.

Bari in fara da masaƙa. Masaƙar maza ta ƙasar Hausa ba ta iya fitar da ƙyalle mai faɗi. Masaƙi yana zaune, ƙafafunsa suna taka, hannunsa yana jefa ƙoshiya, zaren tsaye ya miƙe a gabansa har zuwa kunkurun da ke riƙe da shi, abin da yake fitowa kuwa siririn ƙyalle ne mai tsawo, faɗinsa bai cika wuce yatsu huɗu ba, wani ma bai kai biyu ba. Duk wanda zai yi riga da wannan dole ya jera, ya haɗa baki da baki da allura. Ba zai yanka shi a karkace ba, domin saƙar hannu tana warwarewa, kuma kowane taƙi nata kwanaki ne na matan da suka gurje auduga, suka shiɓe ta, suka kaɗa ta da mazari. Saboda haka babu gautsin almakashi a babbar riga ta asali: babu kafaɗa da aka zagaye, babu ƙugu da aka matse. Mai son riga mai girma sai ya ƙara yawan jerin, har yawan jerin ya zama ma'aunin darajarta da ta mai ita. Faɗin nan da mutum yake tattarowa ya ɗora a kafaɗunsa, wanda muke kallo a yau a matsayin kwarjini, ƙuncin masaƙa ne ya haife shi. Haka ma ratsin barage da yake sauka daga sama zuwa ƙasa: a zaren tsaye ne ya fi sauƙi a jera launi. Saƙi kuwa, mai ɗigo-ɗigon nan kamar bayan zabo, lissafi ne na zare baƙi da fari a tsaye da kwance.

Aikin da ke ƙirjin riga ma yana da dalili kafin ya zama ado. Wuya da aljihu su ne wuraren da aka huda ƙyallen, su ne kuma suke ɗaukar nauyi da ja. Ɗinki mai kauri a nan yana ƙarfafa su. Shi ya sa aska biyu da aska takwas suka taru a gefen hagu, inda babban aljihu yake, aka bar wa dama da'irar tambari, rigar ta fito ba ta daidaita gefe da gefe ba, amma nauyinta a ido ya daidaita. David Heathcote, wanda ya yi nazarin ɗinkin Hausa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970, ya lura cewa masu zana aikin a jikin ƙyalle galibi malamai ne, da alƙalami da tawada. Ke nan hannun da ya saba da zayyanar allo shi ne yake zana aska. Yana zanawa ne a kan rigar mutum guda, gwargwadon tsawonsa da abin da ya biya, sannan masu allura su kwashe watanni suna cikewa da zaren tsamiya, wanda launinsa ba ya ƙyalli, sai dai ya zauna a jikin ƙyalle kamar tare aka halicce su.

Idan aka zo kan rini, hujjar ta fi fitowa fili. Allon da ke bakin marinar Ƙofar Mata ya ce an kafa ta a 1498, wato a ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda aka jingina masa kafa Kasuwar Kurmi. Ba na jayayya da daɗewar rini a wurin. Sai dai marigayi Philip Shea, masanin tarihin da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero, ya nuna a bincikensa na 1975 cewa a da cikin manyan tukwanen ƙasa ake rini, kuma abin da ya ɗaga rinin Kano a ƙarni na 19 shi ne yaɗuwar rijiyoyin da aka dalaye da laso. Laso kuwa siminti ne na gida: a kwaso katsin da ya kwanta a gindin karofi, a ƙona shi, a cuɗa da gashin dabba da ruwan dafara, a shafe rami da shi, ruwa ya daina tsiyaya. Da wannan aka samu ramin da zurfinsa ya ninka tsayin mutum, wanda yake cin kaya mai yawa a tsomi guda, kuɗin rini ya sauka, kaya ya yi arha har ya iya jure kuɗin dakon raƙumi. Sharar sana'a ce aka mayar kayan gininta. In wannan ba fasaha ba ce, to ban san abin da kalmar take nufi ba.

Abin da ya biyo baya Heinrich Barth ya gan shi da idonsa da ya shigo Kano a 1851. Ya rubuta cewa kayan Kano suna kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus, suna kaiwa Tambutu, har zuwa gaɓar teku ta yamma, ya kuma ƙiyasta darajar abin da ake fitarwa a shekara da wuri miliyan 300. Amma abin da ya fi jan hankalina a wannan ciniki shi ne rawani ɗan Kura. Mutanen Kura, kudu da birni, sun san wanda suke yi wa kaya. Buzayen Azbin suna son ƙyalle sakayau wanda numfashi zai ratsa idan an yi amawali, suna son baƙi mai ɗaukar ido, suna kuma son shunin ya zuba a fatarsu. Sai aka saƙa masa ƙyalle mafi siranta, aka tsoma shi sau da yawa, aka kai mabuga, aka barbaɗa garin shuni aka yi ta dukansa a kan gungume har ya ɗauki sheƙi irin na ƙarfe. Masanin sinadarai na masana'anta zai kira zubar launi aibi. A kasuwar Agadas ita ce shaidar kaya na gaske. Wannan shi ne abin da 'yan boko suke kira tsara kaya domin mai saye, kuma kowace shawara a cikinsa, daga kaurin zare zuwa yawan duka, a ƙasar Kano aka yanke ta.

Daga nan labarin ya juya, kuma an san yadda ya juya. Kamfanin BASF na Jamus ya fito da shunin da aka haɗa a ɗakin gwaji a 1897. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, yadin Ingila ya biyo shi. Baba yana buƙatar kwanaki a rami tare da toka kafin ya nuna, marini yana motsa shi da muciya, yana duba kumfarsa, domin shuni ba ya narkewa a ruwa sai ruɓewa ta sauya shi. Shi ya sa ƙyalle yake fitowa kore-kore, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi. Sinadarin kanti yana yin wannan aiki cikin mintuna a rabin ganga. Galura kuma ta kawo ja da rawaya da shanshanbale waɗanda karofi bai taɓa sani ba. Marinan Kano da yawa suka karɓa, kuma ban ga laifinsu ba. Rinin shadda da ya cika unguwannin birni ɗan wannan sauyi ne, ya ciyar da dubban gidaje, kuma mai zaɓen launin har yanzu ɗan Kano ne, ko da garin rinin daga ƙetare ya zo.

Ita shaddar kanta ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Furannin da suke ɓoye a jikinta, waɗanda ba a gani sai haske ya faɗo a karkace, aikin masaƙar da Joseph Marie Jacquard ya ƙera ne a Faransa a farkon ƙarni na 19, wadda take karanta zane daga katuna masu huji, dabarar da daga baya masu ƙera kwamfuta suka ara. Kamfanoni irin su Getzner na Ostiriya sun lura da abin da idon mutumin Afirka ta Yamma yake so, wato sheƙi da tsayuwar ƙyalle, suka nemo hanyar samar da su a inji. A ganina ɗanɗanon da mabuga ta koya mana ne aka sayar mana a leda. Shadda mai faɗi ta ɗauke wa maɗinki wahalar jeri, keken ɗinki ya ba shi sauri, almakashi ya samu 'yanci. Daga nan kaftani mai bin jiki ya samu gindin zama, babbar riga kuma ta riƙe siffarta ta da ba tare da dalilinta na da ba. Wannan bai dame ni ba. Siffa tana iya rayuwa bayan dalilinta ya mutu, muddin masu ita sun san abin da suke riƙewa da abin da suke saki.

Inda nake da ja shi ne aikin kwamfuta, wanda a yau ya mamaye ƙirjin rigunanmu. Tsarinsa sananne ne: a zana aiki a allon kwamfuta, a mayar da shi umarnin allura, a ɗaure ƙyallen a firam tare da wani abu mai tauri a bayansa don kada ya tattare, inji ya zuba dubban ɗinki cikin sa'o'i kaɗan. Kowane mataki a nan yana barin tabonsa a jikin riga. Abin taurin da aka manna yana sa ƙirjin ya tsaya kamar allo, saura kuwa ya zube, rigar ta rabu gida biyu da ba sa ga maciji. Zaren roba mai ƙyalli yana hawa kan shadda mai ƙyalli, ido ya rasa inda zai huta. Kwamfuta tana iya juya rabin zane ta maimaita shi a ɗaya gefen da latsawa guda, don haka daidaiton dama da hagu ya zama abin da ya fi arha, sai ga riguna suna rasa karkatar nan ta hagu wadda ita ce gishirin aska takwas. Ƙananan idanun da allura take hudawa ta ɗaure bakinsu, waɗanda suke sa malum-malum ta sha iska, inji yakan zana kamanninsu ne kawai, da'ira a rufe ruf. Mafi muni, zanen ya zama fayil da ake turawa daga waya zuwa waya. Mai shago yana miƙe shi ko ya matse shi don ya shiga firam, ba don ya dace da dogo ko gajere ba. A filin idi sai ka ga sahu guda, mutum biyar, ƙirji ɗaya.

Na san abin da za a ce mini, kuma magana ce mai nauyi. Rigar aikin hannu ta watanni ce, kuɗinta kuma na masu hali. Aikin kwamfuta ya sa malamin firamare da ɗan kasuwar tebur sun sa riga mai aiki ranar sallah, ya kuma ba samari da yawa abin yi. Wanda yake kukan ɓacewar tsamiya alhali bai taɓa rasa kayan sallah ba, ya kamata ya sassauta murya. Na yarda da wannan duka. Ƙorafina ba arha ba ce. Ƙorafina shi ne an samu na'urar da take iya abin da hannu ba zai taɓa iyawa ba, layi mai sirantar gashi, launi da yake narkewa cikin launi, zane mai bin yanayin saƙar ƙyallen, sai aka ɗaure ta a kan kwaikwayon hannu, kwaikwayon ma na nesa. Masu laso da suka samu rami ba su tsaya suna gina shi da siffar tukunya ba. Sun tambayi abin da rami zai iya wanda tukunya ta kasa. Wannan tambayar ce ban ga ana yi wa injin ɗinki ba.

Kwaikwayo ya kai maƙura a rinin ƙulli. Asalinsa mata ne a cikin gida suke tattara ƙyalle su ɗaure da zare, marini ya tsoma, a kwance, inda aka ɗaure ya fito fari da gefuna masu gajimare, babu biyu da suke zama ɗaya. Yanzu ɗan kasuwa yana iya ɗaukar hoton wannan da waya, ya aika ƙasar Sin, bayan 'yan makonni dila-dila su sauka a Kantin Kwari, an buga hoton ƙullin a kan yadi, har da gajimaren, kowane yadi da irin kuskuren ɗan uwansa a wuri guda. A 2015 marinan Kano sun yi jerin gwano zuwa fadar Sarki suna kuka da irin wannan kaya. An fi kallon lamarin ta fuskar ciniki da aikin yi, kuma haka ne. Amma ta fuskar fasali akwai wata asara ta daban: mai buga hoto ba ya iya ƙirƙiro sabon ƙulli, sai ya jira wata mata a lungun birni ta ƙulla. Idan arhar kayansa ta sa ta daina, shi ma ya rasa abin ɗauka, sai ya yi ta juya tsofaffin hotuna. Kuma bai kamata mu ɗora wa baƙo laifin duka ba, tun da sau da yawa yatsan da ya ɗauki hoton namu ne.

Don kada a ce ina ƙin duk abin da inji ya kwaikwaya, ga atamfa. Ita ma da kwaikwayo ta fara. Masana'antun Holan, irin su Vlisco, sun so su yi rinin kakin mutanen tsibirin Jawa na Indunusiya da inji a ƙarni na 19. Injin ya riƙa barin tsage-tsage da ɗigo inda kakin ya fashe, kasuwar da aka nufa ba ta yi marhabin da shi ba, matan Afirka ta Yamma kuwa suka ga kyau a tsagen. Aka saurare su, aka riƙe aibin da gangan, aka yi ta fito da sababbin zanuka, mata suna raɗa musu suna. Atamfa ta daina ƙaryar cewa ita wani abu ce, ta zama kanta. Abin takaicin kawai shi ne ɗakin zanen yana can, mu namu saye da raɗin suna.

Wannan ne ya sa nake jin muhawarar farfaɗo da masaƙu tana da giɓi. Tun daga masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 har zuwa waɗanda suka cika Bompai da Sharaɗa da Challawa kafin su durƙushe, idan ana lissafin abin da ya kashe su, wutar lantarki ake ambata, da fasa-ƙwauri, da tsadar canji. Duk gaskiya ne. Amma da wuya ka ji an tambayi wane irin kaya za su fitar idan wuta ta dawo, da wanda zai zana shi. Masana'antar da za ta tashi don ta buga abin da Sin take bugawa ta shiga tseren da aka gama tun kafin ta ɗaura ɗamara.

Haka kuma ban ga alheri a yadda muke riƙon Ƙofar Mata ba. An kewaye ta, ana kai baƙi su ɗauki hoto, ramuka da yawa kuwa sun bushe. Muna yaba mata da cewa ba ta sauya ba tun ƙarni biyar, yabon da tarihinta ya ƙaryata, kuma wanda yake hana ta motsi: marinin da aka gaya masa cewa darajarsa ita ce rashin sauyawa, da wane ƙarfin zuciya zai gwada sabon abu? A Tokushima ta ƙasar Japan ma ana ruɓar da ganyen shuni a tsohuwar hanya, amma abin da ake tsomawa ya haɗa da wandon jins da kayan da matasa suke nema. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen koyar da tsara kayan masana'antu, har da fannin tufafi, kuma tsakanin Zariya da Kano tafiyar 'yan sa'o'i ce. Akwai aikin da yake jiran ɗaliban irin wannan sashe da marinan birni su zauna a kansa tare, kuma ba ƙarami ba ne. Zubar shunin da Buzu yake biya dominta ita ce take hana ma'aikacin ofis mai farar singileti sayen kayan karofi. Ana buƙatar a gano adadin tsomi, da irin wanki, da irin zaren da zai riƙe baba ya daina zuba ba tare da zurfin launinsa ya tafi ba, a kuma ware wannan kaya daga na Agadas, kowanne da mai sayensa da farashinsa.